Awa 14 a Kujerar Tsakiya

Lokacin da na isa ƙofar shiga jirgi a Doha, wuyana rataye da matashin nan mai siffar kofaton doki, ji nake duk cikin fasinjojin babu wanda ya kai ni shiri. Sidni za ni, a Ostareliya, tafiyar awa 14 a sama babu saukowa, ga shi ban taɓa zama a jirgi fiye da awa 6 ba. Lissafin da na yi a raina mai sauƙi ne: jirgi ya tashi, in jingina, in buɗe ido a ce mun iso.

Kujerar tsakiya ta faɗo mini, don ban zaɓi wuri da wuri ba. A jikin taga wani saurayi ya riga ya ja hular rigarsa ya rufe fuska tun ba a gama shiga ba. A bakin hanya kuma wata dattijuwa ce zaune, tana ta 'yan shirye-shiryenta a natse. Na gaishe ta da Turanci. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Sannu ɗana. Ai na ji ka ɗazu kana waya, shigo ka zauna." Kunya ta kama ni, na sake gaisuwar yadda ya kamata. A cikin hira na ji cewa ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, wajen 'yarta za ta, kuma ba wannan ne zuwanta na farko ko na biyu ba.

Ni duk kayana na cusa su a ma'ajiyar sama na rufe. Ita kuwa wata 'yar jaka ta ciro, wadda ba ta wuce faɗin littafi ba, ta soke ta a aljihun kujerar gabanta. Na leƙa. Abin rufe ido, 'yan soson toshe kunne, man leɓe, ɗan man shafawa, maganin ɗigawa a ido, buroshi, tsumman goge hannu, da magungunanta na kullum. A gefe ga gorar ruwa, a cinyarta ga gyale mai kauri a naɗe. Shi ke nan. A raina na ce wannan kayan ai na kwana ɗaya ne a asibiti, ina za su kai mutum Ostareliya?

Matashina na hurawa ne. Tun jirgi yana ƙasa na kafa masa baki na hura har ya yi tam, na toshe. Hajiya ta ce, "Rage masa iska." Na ce, "Hajiya ai haka ya fi daɗi." Ba ta ƙara cewa komai ba.

Ba mu yi rabin awa da tashi ba abin ya koma kamar ganga. Ya shaƙe ni, ya ture mini kai gaba, ɗinkin gefensa yana yankar fatar wuyana. Ina ta kokawar cire murfin, ita tana dariya ƙasa-ƙasa. Sai da na sassauta shi ta yi mini bayani. Jirgi yana tafiya ne a wajen ƙafa 35,000 daga ƙasa, inda mutum ba zai iya numfashi ba, don haka ake matsa iska a cikinsa. Amma ba a matsa ta har ta kai ta ƙasa. Iskar da muke shaƙa daidai take da ta kan dutse mai tsawon ƙafa 6,000 zuwa 8,000. Sababbin jirage irin su Boeing 787 da Airbus A350 sukan tsaya wajen 6,000, tsofaffin kuwa sukan matsa kusa da 8,000. A irin wannan tsawo duk iskar da aka kulle a wani abu sai ta buɗe, har kusan kashi 30 cikin 100. Matashina ke nan. Ta nuna cikina ta ce, "Nan ma haka. Shi ya sa ba a sa wando mai matse ƙugu, ba a kuma cika ciki da lemo mai gas." Na sunkuya na sassauta bel ɗin wandona ba tare da na bari mun haɗa ido ba.

Da aka rage fitilu na gyara zama. Barci ɓarawo ne, ya zo kuwa, amma ba ya daɗewa. Da zarar ya ɗauke ni sai kaina ya sulale gaba, haɓata ta doki ƙirji, in zabura. In sake jingina, in sake zabura. Sau ɗaya ma a kafaɗar saurayin nan na farka, na ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu bai ko buɗe ido ba. Wajen karo na shida Hajiya ta miƙo hannu ta kama matashin ta juya shi, buɗaɗɗen bakin ya koma ƙeya, mai kaurin ya dawo ƙarƙashin haɓa. Sannan ta kama gefe biyu na majinginar kan kujerata ta lanƙwaso su ciki. Wallahi ban san suna lanƙwasuwa ba, alhali sau nawa na zauna a irin kujerar.

Abin da na fahimta a daren nan shi ne, mai barci a zaune ba ta baya kansa ke faɗuwa ba, kujera ta riga ta tare nan. Gaba yake faɗuwa, ko gefe. Kan babban mutum ya kai kilo 5, kuma da barci ya zo jijiyoyin wuya sakin sa suke yi. To matashin da ya tara kauri a ƙeya ƙara ingiza kan yake yi inda dama can zai faɗa. Wanda ya dace shi ne mai siririn baya, mai tudu a gefe, wanda ake ɗaurewa a gaba ya tallafi haɓa. Ita Hajiya ko matashin ba ta da shi. Gyalenta ta naɗe ta zagaya wuya sau biyu, ta cusa bakin a ƙarƙashin haɓa. Ɗan filon da ma'aikatan jirgi ke rabawa kuwa, wanda ni na rasa yadda zan yi da shi, ita a kwankwasonta ta sa shi, daidai inda baya ke lotsawa. Na kwaikwaye ta, nan take na ji ciwon da ya fara taruwa a gadon bayana ya lafa.

Wuya ya samu lafiya, saura ido da kunne. Mutumin da ke gabana ta hagu fim yake kallo, hasken allonsa yana ratsowa ta tsakanin kujeru yana wasa a fuskata. Na rufa da bargo, zafi ya dame ni. Na cire, haske ya dawo. Jikin mutum da duhu yake gane dare ya yi, a duhun ne ƙwaƙwalwa ke sakin sinadarin melatonin mai jawo barci, haske kuma danne shi yake yi. Abin rufe idon Hajiya mai ɗan zurfi ne a ciki, ba ya taɓa gashin ido, kuma ya rufe gefen hanci inda haske ya saba satar hanya. Wanda aka raba mana a jirgi siriri ne, robarsa tana cin bayan kunne, amma ya fi babu.

Ƙarar injin kuwa mutum ba ya lura da ita sai an raba shi da ita. Gurnani ne da ba ya yankewa, a ma'aunin ƙara yakan kai desibel 80 ko sama da haka, musamman a kujerun baya. Hajiya ta ba ni soso biyu sababbi a leda. Na danna su a bakin kunne kamar yadda na ga ana yi, suka faɗo. Ta ce, "Ba haka ba. Murza shi ya yi siriri. Ɗaga ɗaya hannun ta saman kai ka ja kunnen sama. To, tura. Riƙe shi, ka ƙirga ashirin." Ina riƙe ina jin soson yana kumbura a hankali, duniya tana ja da baya, har gurnanin ya koma kamar ruwan sama a can nesa. Kukan jaririn da ke layuka uku a gabanmu bai ɓace ba, ya dai daina huda kai.

Na ɗan samu barcin awa guda, ƙishirwa ta tashe ni. Harshe ya manne, hanci ya bushe har yana zafi, ido kamar an watsa yashi. Iskar sama ba ta da danshi, wadda ake shigowa da ita cikin jirgi ma haka take, danshinta kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Ɗan kofin ruwan da ake zagayawa da shi ba ya kai ko'ina, kuma mai kujerar tsakiya ba ya son yawan danna ƙararrawa. Hajiya fankon gora ta shigo da shi ta wajen bincike, tunda tun 2006 yawancin filayen jiragen sama ba sa barin a wuce da ruwan da ya fi mililita 100 a mazubi guda, sannan ta cika ta kafin shiga. Da ta ƙare ta kai wa ma'aikatan suka sake cika mata. Kaɗan-kaɗan take kurɓa, ba ta jira sai ƙishin ya zo. Na ce, "Hajiya wannan ruwan ai zai hana ki zama." Ta ce, "Dama abin da nake so ke nan."

A nan ne ta yi mini maganar da ta fi tsaya mini a rai. Ta ɗan ɗage zanenta ta nuna mini safa baƙa, doguwa har ƙasan gwiwa, ta kama ƙafar tsam. Na zaci don sanyi ce. Ta ce jini daga ƙafa hawa yake yi zuwa zuciya, kuma abin da ke tura shi sama shi ne naman sharaɓa, duk lokacin da mutum ya taka. In an zauna awa da awanni, gwiwa a lanƙwashe, bakin kujera yana danne bayan cinya, sai jinin ya kwanta a ƙasa. Ƙafa ta kumbura, wannan ƙaramin abu ne. Babban shi ne jinin ya daskare ya yi guda a jijiyar can ciki, gudan ya ɓalle ya bi jini ya je ya toshe huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon bincike a 2007 cewa haɗarin yana ninkawa biyu bayan zaman awa 4 ko fiye, ko a jirgi ko a mota ko a jirgin ƙasa. Ba abu ne da ke samun kowa ba, wajen mutum 1 ne cikin 6,000, amma mai ciki, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da mai ƙiba, da mai shan maganin tsarin iyali, da wanda abin ya taɓa samu, nasu haɗarin ya fi haka.

Safar, in ji ta, ta fi matsewa a idon sawu, tana sassautawa yayin da take hawa, da haka take taya jinin komawa. Da awo ake saye, ba da ka ba: a auna idon sawu, a auna sharaɓa. Da safe ake sa ta kafin ƙafa ta fara kumbura, kuma ba a naɗe bakinta, don in an naɗe ya zama ɗauri, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Mai ciwon sukari ko wanda jini ba ya isa ƙafarsa sosai, sai ya tambayi likita tukuna. Ta ƙare da cewa, "Kuma safa ba ta tafiya a madadinka. Tashi."

Haka ta riƙa yi mini duk bayan awa biyu. Ta miƙe, ta zungure ni, mu taka har bayan jirgi, mu tsaya kusa da banɗaki muna ɗaga diddige muna saukewa kamar masu leƙen katanga. Da farko na ji nauyin idon mutane. Daga baya na lura ba mu kaɗai ba ne, akwai wani tsoho da ke can yana miƙa, da wata mata da ke jijjiga goyonta. In kuwa fitilar ɗaura bel tana kunne, a zaune take sa ni juya idon sawu, sau goma dama, sau goma hagu.

Bel ɗin ma da nasa darasin. Ni a ƙarƙashin bargo na ɗaura nawa, don haka da muka shiga gargadar iska a tsakiyar teku sai da ma'aikaciya ta tashe ni ta duba, daidai lokacin da barcin ya fara daɗi. Na Hajiya a saman bargo yake, kowa na gani, babu wanda ya taɓa ta. Kuma ba ta kwance shi sai za ta tashi, ko fitila tana kunne ko a kashe. Ta tuna mini jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan, wanda a ranar 21 ga Mayu 2024 gargada ta fyaɗa shi ba zato, mutum ɗaya ya rasu, da dama suka jikkata, aka karkata da shi Bankok. Waɗanda ba su ɗaure ba ne suka bugi rufi. Allah ya kiyaye.

Barci mai nauyi bai zo mini ba sai can ƙarshen tafiya, lokacin da bai kamata ba. Wani ciwo ne ya farkar da ni, kamar ana tura allura a kunnen dama. Jirgi ya fara sauka, iskar waje tana danna dodon kunne, ƙaramar hanyar da ta haɗa kunne da maƙogwaro kuma ba ta buɗewa sai an haɗiyi miyau ko an yi hamma, mai barci kuwa ba ya yawan haɗiya. Hajiya tana ta tauna cingam. Ta ce in cire soson, in toshe hanci, in rufe baki, in hura a hankali. Na yi sau biyu, kunnen ya yi ɗas, ya buɗe. Matashina kuma, wanda ɗazu ya nemi shaƙe ni, ya yi laƙwas a kafaɗata kamar jiƙaƙƙen tsumma.

Sai takalmi. Tun farkon tafiya na cire shi na tura ƙarƙashin kujera, na fata ne, cif da ƙafata. Na nemi mayarwa, ya ce bai san zancen ba. Na tura, na danna, na yi gumi. A ƙarshe take bayansa na yi, na fita daga jirgin ina jan ƙafa. Hajiya da takalminta mai laushi na igiya ta wuce gabana, ta waiwayo ta ce, "Sai ka kula da kanka, ɗana. Kada ka kwanta sai dare ya yi." Na ce, "To Hajiya, na gode, Allah ya huta gajiya." A wajen duba fasfo cunkoso ya raba mu.

Ban ji maganarta ba. Ina isa masauki da rana tsaka na faɗa gado, na farka ƙarfe 2 na dare idona garau. Kwana huɗu ina haka, da rana ina gyangyaɗi a wajen taron da ya kawo ni, da dare ina kallon silin. Agogon jikin mutum ya ɗan fi awa 24 tsawo, shi ya sa tafiya yamma, inda rana ke ƙaruwa, ta fi sauƙi, tafiya gabas kuma ta fi wuya. Tsakanin Doha da Sidni kaɗai akwai awa 7 ko 8, gwargwadon lokacin shekara. Babu abin da ake sayarwa a jaka da zai goge wannan, fita cikin hasken rana da haƙurin jiran dare ne kawai suka daidaita ni.

Kafin komawa na yi sayayya, kuma kamar kowane sabon tuba, na wuce gona da iri. Na sayi safa bayan an auna ni, da abin rufe ido mai zurfi, da soson kunne, da gora, da man leɓe. Waɗannan duk sun yi aiki. Na kuma sayi wani lilon ƙafa da ake ratayawa a teburin kujerar gaba, sai daga baya na ji wasu kamfanonin jirage sun hana amfani da shi, ga shi duk motsin da ka yi na gabanka zai ji. Ban ko fasa ledarsa ba. Na tsaya ina juya hedifon mai kashe ƙara, irin wanda aka ce wani injiniya mai suna Amar Bose ya fara tunaninsa a cikin jirgi a 1978. Na gwada, ya haɗiye gurnani sarai, don ƙara mai kauri da ba ta canzawa ita ce abincinsa. Amma da na jingina kai gefe sai ya tokare ni, ga shi sai an yi masa caji. Na mayar. Wani abokin aiki ya miƙo mini ƙwayar barci, na ƙi karɓa. Mutumin da aka ce ya riƙa tashi duk awa biyu, me zai yi da abin da zai kwantar da shi awa takwas a lanƙwashe? Kofi ma na bar shi tun safiyar ranar, tunda rabin ƙarfinsa yana nan a jiki bayan awa 5.

Wannan karon tun da wuri na zaɓi bakin hanya. Mai son barci zalla taga ta fi masa, akwai bangon jingina kuma babu mai tashin sa, amma ni na fi son in miƙe ba tare da na tsallake kowa ba. Na goge tebur da hannun kujera da ƙarfen bel. Iskar jirgi ba ita ce abin tsoro ba, tana bi ta matatar HEPA mai tare kashi 99.97 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyi. Abin da hannaye suka taɓa, da maƙwabcin da ke tari, su ne abin kula, don haka takunkumi yana cikin 'yar jakata, wadda na soke a aljihun kujerar gaba. Na hura matashin rabi kawai, na juya shi, na lanƙwaso majingina, filo a kwankwaso, bel a saman bargo, rigar sanyi mai hula a jiki.

Na yi barci sau biyu, awa uku da farko, na tashi na taka zuwa baya na sha ruwa, na dawo na ƙara kusan uku. Da aka fara sauka idona biyu, ina taunar cingam, ina kallon fankon gorar roba da na rufe a sama tana lotsewa da kanta a aljihun kujera, ƙas, ƙas. Takalmi ya shiga salin alin.

Safar ce dai ban tambayi Hajiya yadda ake cire ta ba. A banɗakin filin jirgin Doha na tsaya da ƙafa ɗaya, bayana jingine da ƙofa, ina ja tana ja, har na ji lasifika tana kiran fasinjojin jirgina na gaba. Na mayar da rabin da na cire, na ɗaura takalmi, na sa gudu.